Kulob ɗinmu na keke sai raguwa yake yi, ta yaya za mu samu 'yan tsere?

"Assalamu alaikum Malam. Mu matasa ne a Zariya, muna da ƙungiyar masu hawan keke. Duk Lahadi bayan asuba muke fita, mu yi nisa mu dawo. Da muka fara mun kusa talatin, yanzu da ƙyar muke cika goma, kuma duk sabon da ya zo sau ɗaya ko biyu sai a neme shi a rasa. Burinmu mu zama kulob na gaske mai shiga gasa, har yaranmu su wakilci jiha. Wasu cikinmu sun ce matsalar kuɗi ce, sai mun samu mai ɗaukar nauyi ya saya mana kekunan tsere. Wasu sun ce mu shirya babbar gasa guda ɗaya mai kyauta mai tsoka don mu yi suna. Wanne za mu fara da shi, kuma me ke sa mutane su shiga tsere su zauna?"

Wa alaikumus salam. Ɗan'uwa, Allah ya sa albarka a wannan himma taku. Idan na fahimce ka, abu biyu ka haɗa: me ya sa mutane ke zuwa su gudu, da kuma me za ku sa a gaba, neman kekuna masu tsada ko shirya babbar gasa. Amsata ita ce ba ɗaya daga cikin biyun da ya kamata ya zo farko. Abin da ke tara 'yan tsere shi ne ƙaramin tsere mai arha, wanda ake yi a rana sananniya ba fashi, wanda kuma mai keken zuwa kasuwa zai shiga ya ji an yi masa adalci. Na daɗe ina horar da matasa ina shirya tseren kulob, kuma duk kulob ɗin da na ga ya yi ƙarko, wannan na tarar a gindinsa. Bari in kawo maka dalilai, don in ka riƙe su, kai da kanka za ka tsara abin da ya dace da garinku.

Inda abin ya kama ƙasa

Idan ana maganar tseren keke a Afirka yanzu, sunan da ke fara zuwa baki shi ne Biniam Girmay na Eritiriya. A 2022 ya ci gasar Gent-Wevelgem a Beljiyam, a shekarar kuma ya ci zango ɗaya a gasar zagayen Italiya. A 2024 ya ci zango uku a Tour de France, wato gasar zagayen Faransa, ya koma gida da koriyar riga, wadda ake bai wa wanda ya fi kowa tara maki. Kafin shi, ɗan ƙasarsu Daniel Teklehaimanot ya sa rigar gwanin hawan tudu na wasu kwanaki a Tour de France ta 2015. Mai kallo daga nesa zai ce baiwa ce, ko ya ce ai Asmara, babban birninsu, tana kan tudu mai tsayin fiye da mita 2,300, huhunsu ya saba da ƙarancin iska. Akwai gaskiya a duka biyun. Sai dai garuruwan kan tudu suna da yawa a Afirka waɗanda ba su taɓa fitar da ɗan tsere ba. Abin da Asmara ta fi su da shi al'ada ce da ta faro tun zamanin Turawan Italiya, aka yi gasar zagayen ƙasar ta farko a 1946, kuma har yau a ƙarshen mako akan rufe tituna a yi tsere tsakanin kulob da kulob, rukuni-rukuni, jama'a sun yi cincirindo a bakin titi. Yaron da ya tashi a can, kafin ya cika shekara 18 ya riga ya shiga tsere bila adadin. Sai da Girmay ya gogu a gida sannan cibiyar horarwa ta hukumar keke ta duniya, UCI, da ke garin Aigle a Suwizalan, ta ɗauke shi a 2018.

Labarin Ruwanda ya fi kusa da halin da kuke ciki, domin su daga tushe suka sake ginawa bayan kisan kiyashin 1994. A 2007 aka kafa tawagar ƙasar da taimakon wasu tsofaffin 'yan keke daga Amurka, kuma da yawa daga cikin yaran da ƙasar ta fitar tun daga lokacin, asalinsu masu haya ne da keke, masu ɗaukar mutum ko buhun dankali su hau tudu da shi. Adrien Niyonshuti ya je gasar Olamfik ta Landan a 2012, shi ya riƙe tutar ƙasarsa. Gasar zagayen Ruwanda ta shiga jadawalin UCI a 2009, baƙi suka yi ta lashe ta shekara biyar a jere, sai a 2014 Valens Ndayisenga ya karya lagonsu. Daga nan har 2018 ba ta bar hannun 'yan gida ba. To duba daga ina waɗannan zakaru suka fito. Ndayisenga da Joseph Areruya daga kulob ɗin Les Amis Sportifs na garin Rwamagana, Jean Bosco Nsengimana da Samuel Mugisha daga kulob ɗin Benediction na Rubavu. Ba ɗaya daga cikin garuruwan nan biyu da yake babban birni. Kulob ne ya tsinto su, ya ara musu keke, ya kai su tseren cikin gida, kafin cibiyar horar da tawagar ƙasar da ke garin Musanze ta san da su.

Akwai kuma ɗaya gefen labarin, kuma shi ne ya fi shafar shawarar abokanka masu son babbar gasa. A watan Satumba na 2025 Kigali, babban birnin Ruwanda, ta karɓi baƙuncin gasar cin kofin duniya ta tseren keke a kan titi, karon farko a nahiyar Afirka. Babu taron da ya fi wannan girma. Amma tun da aka ɗaga darajar gasar zagayen Ruwanda a 2019 manyan ƙungiyoyi suka fara zuwa, har zuwa 2025 ɗan Ruwanda bai sake cin ta ba, 'yan Eritiriya kuwa sun ci sau huɗu. A ganina bambancin yana cikin yawan tseren da yaro yake samu a gida da yawan abokan hamayyar da yake gogawa da su. Mu ma a nan muna da namu darasin. Filin tseren keke na zagaye yana nan a babban filin wasa na Abuja tun wasannin Afirka na 2003, an yi gasar nahiya a cikinsa a 2022, Ese Ukpeseraye kuma ta wakilci Najeriya a Olamfik ta Faris a 2024, har ta hau keken da tawagar Jamus ta ara mata. Ke nan gini akwai, masu baiwa akwai. Abin da yaron Tudun Wada ko Samaru ya rasa shi ne tseren da zai shiga a wata mai zuwa, a garinsu, da keken da yake da shi.

Me ya sa sabon zuwa ba ya dawowa

Tun daga bayaninka na hango yadda fitarku ta Lahadi take, domin na sha ganin irinta. Yaro ya ji labarinku, ya kwana yana ɗoki, ya zo da Phoenix ɗin babansa, da silifas, da ruwa a leda a aljihu. Kilomita biyar na farko ana tafiya tare ana hira. Da an fita gari sai manyan biyu ko uku su fara gwada ƙwanji, gudu ya ƙaru, tazarar tayar keke ɗaya ta buɗe tsakaninsa da na gabansa, ta zama biyar, ta zama goma. Ya miƙe a kan feda, ya yi iya yinsa, yana kallo kuna ƙanƙancewa har ku ɓace masa. Ya tsaya a gindin bishiya yana haki, ya juyo gida shi kaɗai. Ba wanda ya zage shi, amma abin da ya ɗauka shi ne wannan wasa ba nasa ba ne. Ba zai faɗa muku ba, kawai Lahadi mai zuwa wayarsa a kashe take.

Abin da ya kamata ku sani shi ne, sau da yawa yaron nan bai gaza ku ƙarfi sosai ba. A kan shimfiɗaɗɗiyar hanya, da zarar gudu ya wuce kilomita 30 a awa, mafi yawan ƙarfin mai keke iska ce ke cinye shi. Wanda ya lafe daf da tayar bayan na gabansa yana rage wa kansa kusan kashi ɗaya bisa uku na aikin, wanda ke tsakiyar babban ayari ma ya fi haka samun sauƙi. Saboda haka ku da kuka saba kuna hutawa a bayan juna kuna karɓa-karɓa, shi kuwa da yake tsoron matsowa kusa da taya, shi kaɗai yake sarar iska. Da ya saki ayari da 'yan mitoci, aikinsa ya ƙaru a daidai lokacin da ƙarfinsa ya ƙare. Rashin sani ne ya kayar da shi, kuma wannan sani a kulob kaɗai ake samun sa, mutum ba ya koyon bin taya shi ɗaya.

Maganin ba ya cin ko kwabo. Ku raba fitar gida biyu, ta masu ƙarfi da ta masu koyo. A ta masu koyo a sa mutum ɗaya a gaba mai riƙe gudun, da mutum ɗaya mai rufe baya wanda ba ya wuce kowa ko da tafiyar ƙasa za a koma, yana ɗauke da famfo da kayan faci. A sanar da wuraren tsayawa tun kafin a tashi. Kuma kada a bar wannan aiki ga raunana, gwanayenku ne za su riƙa yin sa bi da bi, kowa da makonsa. Za su yi ƙorafi cewa ana ɓata musu atisaye. Ka gaya musu gaskiya: tafiya mai tsawo a hankali tana cikin abin da ke gina numfashi, manyan 'yan tseren duniya ma mafi yawan sa'o'insu na atisaye a sassauƙan gudu suke yin su. Nakan ware rabin awa a fili ko titi marar mota in koya wa sababbi abu uku: tafiya biyu-biyu ba tare da kauce-kauce ba, taɓa birki a hankali maimakon damƙe shi, da nuna rami da hannu ga na baya. Wanda ya iya waɗannan ya cancanci shiga ayari.

Irin tseren da za ku fara da shi

Ku fara da tseren agogo. Ga yadda yake: a auna hanya ta kilomita 8 ko 10, a riƙa sakin mutum ɗaya-ɗaya, tazarar minti guda tsakani, kowa ya yi gudunsa shi kaɗai, ba bin taya, a rubuta lokacin tashinsa da na isowarsa. Wanda ya fi ƙarancin lokaci shi ya ci. Wannan salo ya yi ƙarfi ne a Ingila a ƙarshen ƙarni na 19, lokacin da aka hana tseren gungu a kan titi, sai kulob-kulob suka koma fita da sassafe ɗaya bayan ɗaya. Har yau ƙananan kulob a can suna yin na mil 10 duk mako a lokacin bazararsu, kuma ta nan dubban mutane suka fara ɗanɗana gasa. Amfaninsa gare ku a fili yake. Ba cunkoso, don haka haɗarin karo ya ragu ƙwarai. Kayan aikinsa waya biyu ne da aka daidaita agogonsu, da littafi, da lambobin da za a maƙala a bayan riga. Babban abin kuma, ba wanda ake bari a baya a idon jama'a. Wanda ya zo na ƙarshe ma ya tafi da wani abu a hannu, wato lokacinsa. In ya yi minti 24 a wannan wata, ya yi 23 a wata mai zuwa, ya ci nasara a kan kansa, kuma wallahi na ga yadda wannan minti ɗaya yake riƙe mutum a kulob shekara da shekaru.

Dole ku raba rukuni bisa irin keke. Mai keken gida marar giya daban, mai keken giya na yau da kullum daban, mai keken tsere daban. Sannan ku raba bisa shekaru, yara 'yan ƙasa da 17, matasa, da dattawa. Ko mutum uku ne a rukuni, a kira sunan na ɗayansu a tafa masa. In kuka haɗa Phoenix da keken tsere a sakamako ɗaya, kun sanar da gari cewa mai kuɗi ne zai ci, talaka kuwa ba zai ɓata asubarsa ba.

Bayan wata uku ko huɗu, littafinku zai nuna muku ƙarfin kowa. A nan sai ku shigo da tseren rata. A saki mafi rauni da farko su huɗu ko biyar, bayan wasu mintoci a saki na tsakiya, gwanaye su tashi a ƙarshe su bi sawu. In an lissafa ratar daidai, kusan tare za a iso layi, kuma yaro ɗan shekara 15 zai iya riga zakaran kulob tsallakawa. Wannan tsere shi ne makarantar aiki tare, domin kowane gungu ya san in ba su karɓi iska bi da bi ba za a kamo su. Sai an ƙware a nan sannan a zo ga tseren tashi tare, shi ma a ɗan zagaye na kilomita ɗaya ko biyu da aka rufe, inda iyaye da 'yan kallo za su ga wucewar 'yan tsere sau da yawa.

Ranar kuwa ita ce ran abin. Ku tsayar da ita, misali Asabar ta farkon kowane wata, ƙarfe shida da rabi, wuri ɗaya. Kasuwar ƙauye ba ta buga sanarwa, amma tana cika saboda kowa ya san ranar da take ci, to haka tseren kulob yake. Ko mutum bakwai ne suka zo, a yi. A fitar da sakamako a ranar, a tura a WhatsApp, a kuma manna kwafi a rumfar mai gyaran keke, da sunan kowa daga na ɗaya har na ƙarshe. A riƙa tara maki, a ƙarshen shekara a fitar da zakara, a kuma karrama wanda ya fi kowa ci gaba da wanda bai taɓa fashi ba. Kyauta ta zama taya, ko sarƙa, ko hular kwano.

Ina hana ku babbar gasa yanzu ne saboda na san yadda take ƙarewa. Kyautar kuɗi mai yawa tana jawo gogaggu daga wasu jihohi, su zo su kwashe, su hau mota su tafi, yaranku su tashi a tutar babu. Sakin mutum sittin da ba su saba da ayari ba a kan titi ɗaya neman karaya ne. Asusunku zai ƙare a kwana ɗaya, rigimar sakamako kuma ta daɗe tana cin zumunci. Lokacinta zai zo, bayan kun yi shekara kuna gudanar da ƙananan, kun samu masu riƙe agogo da masu tsaron kwana da suka san aikinsu.

Maganar kekuna da kuɗi

Masu cewa akwai matsalar kuɗi ba ƙarya suka yi ba. Yaron da zai je gasar jiha ko ta ƙasa yana buƙatar keken tsere na gaske. Amma ba kowa ne yake buƙatarsa a rana ɗaya ba. Kulob ya mallaki uku ko huɗu na gwanjo, girma daban-daban, na ƙarfe ko na alminiyam, ya riƙa ara wa waɗanda littafin sakamako ya nuna sun cancanta. Ku guji na kabon ɗin gwanjo, wato marar nauyin nan da ba da ƙarfe aka yi jikinsa ba, domin tsagewarsa kan ɓoye a ƙarƙashin fenti, in ya karye kuma mai walda ba shi da abin yi masa. Kafin ku saya ku tambayi kanku ko ana samun tayarsa da sarƙarsa da robar birkinsa a kasuwar da kuke iya zuwa. Ku kula da girma fiye da suna, keken da ya yi wa yaro yawa zai ba shi ciwon gwiwa da baya komai tsadarsa. Aron kuma ya zama a rubuce, da sa hannun uba ko wani babba, da sharaɗin wanke shi da dawo da shi.

Mai gyaran keke na unguwa, ku jawo shi ya zama ɗan kulob na sosai, a ba shi riga da muƙami. Rumfarsa ita ce ofishinku, kuma ba wanda ya san yaran da ke da ƙafa a garin nan kamarsa. Kuɗin wata ya zama kaɗan yadda ɗalibi zai iya biya, masu aiki kuma su yi adashe, duk wanda ya ɗauka ya sayi keke ko ya gyara nasa. Ma'aji daban, shugaba daban, a karanta lissafi a gaban kowa duk wata. Kulob ɗin da na ga sun watse, da yawansu a kan kuɗin riga da ba a san inda ya shiga ba suka watse.

Mai ɗaukar nauyi yana zuwa ne bayan ya ga abu a ƙasa. In ka je wurin ɗan kasuwa da littafi mai sakamakon wata goma, da hotunan yara arba'in a bakin layi, ka roƙi abu takamaimai, hular kwano ashirin, ko ruwan sha na kowane tsere, ko motar rakiya, zai fi sauraronka fiye da wanda ya zo da takardar neman miliyoyi. Taimakon ɗan siyasa ku karɓa da godiya in ya zo, amma kada ku jingina jadawalinku da shi, don yana da kaka.

Su wa za ku nema

Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayu na 2023, kekuna sun ƙaru a titunanmu, kai ma shaida ne. Ga ɗalibai masu zuwa makaranta daga nesa, ga masu kawo kayan gwari daga ƙauye da duku-duku, kullum suna cin kilomitoci da kaya a baya. Waɗannan su ne irin yaran da Ruwanda ta tsinta. Ku bi ta hannun malaman wasanni na sakandare, ku nemi a ba ku fili ku yi ɗan tsere a harabar makaranta. Ranar 3 ga Yuni, wadda Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware wa keke tun 2018, dama ce ta zagayen gari a hankali, ku raba takarda mai ɗauke da ranar tserenku na gaba.

Yaro ɗan ƙasa da 18, ku je gidansu ku gaida mahaifinsa, ku faɗa masa inda ake zuwa, da lokacin dawowa, da wanda ke kula. Ku yi alkawarin ba za a taɓa lokacin boko ko Islamiyya ba, ku kuma cika. 'Yan mata ma haka, sai dai su sai an ƙara tanadi: mace babba mai kula da su, wuri killatacce kamar harabar makaranta, da sutura mai rufe jiki, dogon wando da riga mai dogon hannu da ɗan hijabi da zai shiga ƙarƙashin hular kwano, ba abin da zai saƙale a sarƙa. In iyaye suka zo suka gani da idonsu, su ne za su kawo muku ƙannen.

Hanya, zafi, azumi da ƙwaya

Kada ku sa tsere a kan babbar hanyar Kaduna zuwa Kano ko wata mai tireloli. Ku nemi titi mai ƙarancin mota a kusa da gari, ko harabar wata makaranta da izinin hukumarta, kada kuma ku nausa daji inda tsaro ke da shakku. Ku rubuta wa hukumar kiyaye haɗurra da 'yan sanda na yankin, ku gaida mai unguwa ko dagacin da za ku bi ta ƙasarsa. A kowace kwana a tsayar da mutum mai tuta, babur ɗaya ya bi na ƙarshe da akwatin agajin gaggawa, a kuma san asibitin da za a nufa. Ba hular kwano, ba tsere, ko ɗan shugaban kulob ne.

Daga Maris zuwa Mayu zafi kan kai maki 40, don haka a gama komai kafin tara na safe. A sha kamar rabin lita zuwa fiye kaɗan a kowace awa, in tafiyar ta wuce awa ɗaya da rabi a haɗa da ruwan gishiri da sukari, a ci dabino ko ayaba a hanya. Wanda ya fara jiri ko maganarsa ta rikice, a sauke shi nan take, a kai shi inuwa, a jiƙa masa jiki, a tafi asibiti. A hunturu, ranar da hazo ya rufe ido har direba ba ya hangen nesa, a ɗage. A watan azumi a ajiye gasa, a yi ɗan atisaye marar nauyi daf da shan ruwa ko bayan asham a wuri mai haske.

Akwai abin da ba zan tsallake ba. Tiramadol ta yi wa matasanmu illa, kuma inda aka sa gasa, wani zai raɗa wa yaro cewa tana kashe gajiya. UCI ta haramta ta a lokacin gasa tun Maris na 2019, hukumar yaƙi da shan ƙwayoyin ƙara kuzari ta duniya kuma ta sa ta a jerin haramtattu daga farkon 2024. Tana kawo jiri da dushewar hankali, wanda ke cikin ayari a haka kuwa ba kansa kaɗai zai kayar ba. Ku rubuta haramcin a dokar kulob, ku faɗe shi a bakin layi. Wanda aka kama a dakatar da shi, amma kada a yar da shi, a nemi iyayensa a taimaka masa.

Hanyar zuwa jiha, da iyakar abin da kulob zai iya

Da kun daidaita, ku yi rajista da ƙungiyar tseren keke ta jiha ta hannun hukumar wasanni, domin ta nan ake zaɓen masu zuwa bikin wasanni na ƙasa da wasannin matasa, kuma ta hannun hukumar keke ta Najeriya ake samun lasisin shiga gasar da UCI ta amince da ita. A tsarin UCI, 'yan 17 da 18 rukuninsu daban, 'yan 19 zuwa 22 daban. Saboda haka tun ranar da yaro ya shigo ku karɓi kwafin takardar haihuwarsa ta gaskiya, kada ku yarda a rage wa kowa shekara, don ranar da asiri ya tonu sunan kulob ne zai ɓaci. Ku nemi kulob a Kaduna ko Kano ko Jos ku riƙa ziyartar juna, su zo tserenku ku je nasu. Yaro yana buƙatar ya gamu da wanda bai san ƙarfinsa ba.

Zan kuma gaya maka iyakar wannan shawara. Tsarin da na kawo yana ƙara yawan masu shiga tsere, yana kuma fito da mai baiwa fili, amma ba ya mayar da shi ƙwararre. Wannan mataki yana buƙatar koci mai takarda, abinci, tafiye-tafiye da gasar ƙasashen waje, abin da ya fi ƙarfin aljihun kulob na unguwa. Kulob ba zai gyara titi ba, ba zai sauya halin direbobi ba, kuma a wata shekarar za ku rasa gwanayenku saboda karatu ko aure ko neman abinci. Ni kuma mai horarwa ne, ba likita ba: duk wanda ya haura 40, ko mai hawan jini, ko ciwon sukari, ko sikila, ko wanda ya taɓa jin ciwon ƙirji a kan keke, sai likita ya duba shi ya amince kafin ku ba shi lamba. Waɗanda likita ya hana, da waɗanda suka gaji da gudu, kada ku bari su tafi. Ku ba su agogo da tuta da littafin sakamako, domin kowane tseren agogo yana buƙatar aƙalla mutum biyar ko shida da ba sa kan keke, kuma su ne ya kamata ku fara tantancewa kafin ku sanar da ranar farko.